Wace manhaja ɗan koyo zai fara gina shafin intanet da ita?

Mutum biyu ne suke yin wannan tambaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wanda shafin kawai yake so. Yana da makarantar Islamiyya, ko shagon atamfa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, yana son a neme shi a Google a same shi, ba shi da niyyar sake gina wani bayan wannan. Akwai kuma wanda sana'ar ce yake so ta shiga hannunsa, ya riƙa gina wa mutane ana biyansa. Manhajar da za ta biya wa na farko buƙata cikin yini biyu tana iya riƙe na biyu shekara guda yana danne-danne bai koyi komai ba. Wadda za ta mayar da na biyu gwani kuwa, in aka ɗora wa na farko ita, sai ya gaji ya watsar. Saboda haka kafin ka ƙona data wajen sauke komai, ka fara sanin a cikin biyun nan wane ne kai.

Abu ɗaya ya kamata kowannensu ya sani. Shafin intanet fayil ne na rubutu zalla. HTML ke faɗin abin da ke cikin shafin, wato kanu da sakin layi da hoto da mahaɗi. CSS ke kula da kamanni: launi, girman haruffa, inda kowane abu zai zauna. JavaScript ke sa abubuwa su yi motsi idan an taɓa su. Burauzar mai ziyara, Chrome ce ko Firefox ko Opera, waɗannan harsuna ukun, HTML da CSS da JavaScript, take karantawa. Duk manhajar da za ka ji an ambata, ko dai tana taya ka rubuta su da hannunka, ko kuma tana rubuta maka su a ɓoye kana jan akwatuna da linzami. Bambancin ke nan gaba ɗaya.

Tsofaffin sunaye da har yanzu ake yi wa sababbi tallarsu

Idan ka tambayi wanda ya yi makarantar kwamfuta shekaru goma sha da suka wuce, da wuya bai ce maka Dreamweaver ko FrontPage ba. A zamaninsu sun yi tashe, kuma sun cancanta. Microsoft ta fitar da FrontPage ta ƙarshe a 2003, ta maye gurbinta da Expression Web, ita ma ta daina ci gaba da ita a 2012. KompoZer, wadda kyauta ce, rabonta da sabuwar siga tun 2010. BlueGriffon ma mai ita ya ajiye aikin. An ƙera yawancinsu ne lokacin da ake kallon shafi a kan babbar fuskar kwamfutar tebur, ana jera komai cikin jadawali mai tsayayyen faɗi. Yau mafi yawan waɗanda za su buɗe shafinka a waya za su buɗe shi, kuma shafin da aka gina a wancan salon sai mutum ya yi ta jan sa hagu da dama da yatsa kafin ya karanta layi ɗaya.

Dreamweaver ita tana nan da rai. Macromedia ce ta fito da ita a 1997, Adobe ta sayi kamfanin a 2005. Tana da wani abu mai kyau ƙwarai ga ɗan koyo: tana raba fuska biyu, kod a gefe guda, kamannin shafin a ɗaya gefen, ka taɓa nan ka ga can ya canja. Sai dai ba a sayar da ita a mallaka, haya ake biya duk wata, sama da dala 20, kuma tun daga sigar 2021 ƙananan gyare-gyare kawai Adobe take mata. Ga tsadar dala, ga wahalar biyan kuɗin waje da katin naira, ga shi kuma da wuya ka ga tallar aiki a yau da ke neman wanda ya iya ta. Wani zai ce ai akwai wadda aka fasa, ana tura ta a filash. Kada ka karɓa. Irin waɗannan su ne babbar ƙofar da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shigowa, kuma kwamfutar da za ka riƙa shigar da kalmomin sirri na shafukan mutane a cikinta ba wurin wasa ba ce.

Brackets da Atom ma za ka gan su a tsofaffin bidiyoyin koyarwa na YouTube. Adobe ta janye hannu daga Brackets a Satumban 2021, GitHub ta rufe Atom a Disamban 2022. Darussan da ke cikin bidiyoyin suna iya zama da amfani har yanzu, sai ka bi su da wata manhajar.

Ga mai son sana'ar: VS Code, Notepad++ ko Sublime Text

Nan ne ainihin zaɓin yake, kuma dukkan ukun ana iya fara aiki da su ba a biya ko kwabo ba. Karin maganar nan ta araha ba ta ado ba ta yi aiki a wannan fage ba, domin da na kyautar manyan ƙwararru suke aiki.

Visual Studio Code, wadda aka fi sani da VS Code, Microsoft ce ta fito da ita a 2015. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Abin da ya sa nake sa ta a gaba shi ne yadda take rage wa sabon shiga wahalar kwanakin farko. Ka buɗe folda, ka ƙirƙiri fayil mai suna index.html, ka danna alamar motsin rai guda ɗaya, sannan ka danna Tab. Nan take ƙashin shafin gaba ɗaya zai zubo: layin doctype a sama, sashen head da layin da ke sa shafi ya dace da faɗin waya, sannan body a buɗe yana jiran ka. Ka rubuta ul>li*5 ka danna Tab, jeri mai layi biyar ya fito. Wannan aikin wani kayan aiki ne mai suna Emmet, kuma da shi manhajar take zuwa. Idan ka manta rufe baka a CSS, za ta ja jan layi a ƙarƙashin wurin. Idan ka rubuta lambar launi, za ta nuna maka ɗan murabba'i mai wannan launin a gefenta.

Sannan akwai ƙarin kayan da ake ɗora mata. Biyu sun ishi ɗan koyo. Live Server tana buɗe shafinka a burauza, duk lokacin da ka adana canji sai shafin ya sabunta kansa, wato dai abin da ake yabon Dreamweaver da shi ka same shi kyauta. Prettier kuma tana daidaita maka layuka idan sun hargitse. Bayan waɗannan ka dakata. Na sha ganin matashi ya kwashe mako yana canja launin manhaja da ɗora ƙarin kaya ashirin, shafi ko ɗaya bai gama ba. Haka kuma yanzu VS Code tana zuwa da Copilot, mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da ke cike maka kod tun kafin ka gama tunani. Shawarata a watannin farko ka kashe shi. Hannun da bai rubuta abu da kansa sau da yawa ba, ranar da abin ya lalace a shafin wani ba zai san inda zai duba ba.

Wani dalilin kuma shi ne jama'a. Kusan duk sabon darasi da za ka kalla da VS Code malamin yake aiki, saboda haka abin da ke fuskarsa shi ne a fuskarka. Git, wadda masu sana'ar suke ajiye tarihin aikinsu da ita, tana da gurbi a cikinta, ranar da ka kai matakin ba sai ka yi ƙaura ba.

Aibinta nauyi ne. An gina ta a kan Electron, wato kusan burauza ce guda a lulluɓe. Microsoft ta ce RAM gigabait 1 ya isa, amma kai ba ita kaɗai za ka buɗe ba, akwai Chrome a gefe da shafin darasi da bidiyo. A kwamfutar gwanjo mai gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa za ka ji tana jan ƙafa, fanka tana kuka, batir yana zuba. Mai gigabait 2 kuwa kada ma ya wahalar da kansa. Saukewa tana cin kusan megabait 100, kuma tana yawan neman sabuntawa. Sababbin sigoginta sun daina aiki a Windows 7 tun 2022, daga baya aka ajiye Windows 8 da kuma Windows mai bit 32. Kafin ka sauke, ka duba abin da ke kan kwamfutarka.

Idan kwamfutar ba za ta ɗauka ba, Notepad++ ce taka, kuma ba abin jin kunya ba ne. Don Ho ne ya fito da ita a 2003, har yau ana sabunta ta. Fayil ɗin saukewar bai kai megabait 10 ba, tana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa daga linzami, kuma akwai sigar da ba a girkawa: ka zuba ta a filash tare da foldar aikinka, ka je kafe ko ɗakin kwamfutar makaranta ka ci gaba daga inda ka tsaya. Tana rina kod da launuka, tana nuna maka abokin kowace alamar buɗewa idan ka danna ta. Akwai wani halinta da duk mai fama da ɗaukewar wuta zai yaba: tana ajiye kwafin abin da kake rubutawa duk bayan 'yan daƙiƙu, ko ba ka adana ba. Nefa ta ɗauke, batir ya mutu, ka dawo ka tarar da rubutunka. VS Code ma tana da makamancin haka, kuma yana da kyau ka kunna mata Auto Save tun ranar farko.

Abin da Notepad++ ba za ta yi maka ba shi ne nuna kuskure. Ka bar alama a buɗe, ba za ta ce uffan ba, sai ka ga shafi ya karkace a burauza ka dawo kana laluben layi-layi. Duk canjin da ka yi sai ka adana, ka koma burauza, ka danna F5. A Windows kaɗai take aiki. Wasu malamai suna ganin wannan wahalar ita ce makarantar, kuma akwai gaskiya a maganarsu: wanda ya yi wata biyu a Notepad++ yana sanin HTML a ka. Amma na fi ganin ta a matsayin matakin farko. Da zarar aiki ya kai fayil goma sha, ko JavaScript ta shigo da gaske, za ka buƙaci wadda ta fi ta.

Sublime Text tana tsakaninsu. Jon Skinner ya fito da ita a 2008 daga Ostireliya. Tana da sauri kusan kamar Notepad++, tana da kyan gani, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Lasisinta dala 99 ne, amma ana iya gwada ta ba tare da ƙayyade lokaci ba, sai dai jefi-jefi saƙo ya fito yana tuna maka ka saya. Ɗora mata ƙarin kaya yana buƙatar ɗan sani. Wanda yake kan Linux ko tsohuwar Mac da VS Code ta yi wa nauyi, ita ce mafitarsa. Ban da wannan ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da ita ba.

Microsoft Word kuwa kada ka rubuta kod a cikinta ko da wasa. Tana lanƙwasa alamomin zance, tana cusa abubuwan da ba ka gani, burauza ta kasa gane fayil ɗin.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan ya shafe mu kai tsaye, kuma darussan Turanci ba sa tsayawa a kansa. Ka rubuta "ƙasa" a shafinka, ka buɗe a burauza, sai ka ga "Æ™asa". Ka rubuta "ɗaki" ya koma "É—aki". Ko kuma alamar tambaya ta zauna a gurbin harafin. Dalili shi ne ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Windows, sai an adana fayil a tsarin UTF-8, an kuma shaida wa burauza haka da layin <meta charset="UTF-8"> a sashen head. VS Code da Sublime a UTF-8 suke adanawa tun asali, kuma ƙashin da Emmet ke zubowa yana ɗauke da wannan layin. A Notepad++ ka duba ƙasan taga ta dama, za ka ga an rubuta tsarin fayil ɗin. Idan ANSI ka gani, ka shiga Encoding ka mayar da shi UTF-8. Notepad ɗin Windows na asali sai a 2019 ya koma adanawa a UTF-8 da kansa, shi ya sa tsofaffin kwamfutoci suka fi kawo wannan matsala.

Emmet yana sa lang="en" a saman shafi. Idan shafinka na Hausa ne ka mayar da shi lang="ha", don burauza da injin bincike su san harshen. Sannan ka gwada salon haruffan da ka zaɓa da jimla mai ƙugiyoyi, manya da ƙanana. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da Ƙ da Ɗ, sai burauza ta aro su daga wani salon, harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika da Charis suna da su cikakke. Mai rubuta ajami ko ayoyi kuma zai buƙaci dir="rtl" a kan sakin layin, don rubutun ya tashi daga dama zuwa hagu. A manhajar rubuta kod duk wannan a hannunka yake. A dandalin ja-ka-ajiye kuwa salon da suka tanada shi za ka fi amfani da shi, saboda haka ka gwada ƙugiyoyin kafin ka yi nisa.

Ga wanda shafin kawai yake so

WordPress ce babba a nan. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, kuma bisa ƙididdigar W3Techs sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Sai dai suna ɗaya ne a kan abu biyu, kuma wannan yana rikita mutane. WordPress.org manhaja ce ta kyauta da za ka ɗora a masaukin da ka yi haya, wato kwamfutar kamfani da ke ajiye shafinka a intanet, ka yi yadda kake so da ita. WordPress.com kamfani ne da ke ba ka masauki, yana da tsarin kyauta, amma da tallarsu a shafinka, da sunansu a adireshinka, kuma ba za ka ɗora ƙarin kaya ba sai ka biya. Idan ka ji ana cewa wane yana gina wa mutane shafi da WordPress, ta farkon ake nufi. Tun siga ta 5.0 a Disamban 2018 ana jera shafi a cikinta tubali-tubali, wasu kuma suna ƙara Elementor don ja da ajiyewa. Ana iya koyon ta ba intanet ta hanyar girka XAMPP ko Local a kwamfuta.

Nauyin da ke kanka shi ne kulawa. Dole a riƙa sabunta ta da duk ƙarin kayan da aka ɗora mata, a riƙa ajiye kwafi, a biya masauki duk shekara. Yawanta ya sa masu kutse suka fi farautar ta, kuma samfuran shafi na sayarwa da ake rabawa kyauta a wasu tashoshin Telegram sau da yawa da ɓoyayyiyar ƙofar shigar masu kutse a cikinsu suke zuwa. Elementor da hotuna manya suna sa shafi nauyi, mai ƙaramar waya da raunin sabis ya gaji da jira ya fita.

Wix, wadda aka kafa a Isra'ila a 2006, ta fi kowace sauƙin farawa. Ka zaɓi samfuri, ka ja hoto ka ajiye inda kake so, kafin la'asar shafi ya hau. Amma shagon haya ne: ka yi fenti, ka kafa kanta, ka saba da masu ciniki, ranar da za ka tashi ba ka ɗaukar ginin. Wix ba ta ba ka damar kwashe shafinka ka kai wani masauki. Tsarin kyautar yana da tallarsu da adireshinsu, cire su kuma sai da biyan kuɗin waje duk wata ko duk shekara. Squarespace ma biya ake yi, ba ta da tsarin kyauta sai gwajin kwana 14. Ga wanda kuɗin shigarsa naira ne ko sefa ko sidi, wannan alƙawari ne da ya kamata a yi lissafinsa da kyau kafin a ɗauka.

Akwai biyu da ake rainawa, ni kuwa ina ganin ƙimarsu. Blogger tana nan tun 1999, Google ta saye ta a 2003. Kyauta ce, tana yarda ka haɗa adireshinka na kanka ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma in ka girma za ka iya fitar da rubuce-rubucenka ka shigar da su WordPress. Marubuci ko malamin da ke son wurin ajiye darussa, wannan ta ishe shi. Google Sites kuma ta dace da shafi mai fuska uku ko huɗu: su wane ne mu, ina muke, ga lambar waya. Ba ta da ado da yawa, amma ba ta lalacewa kuma ba ta neman kulawa.

Wanda ya zaɓi WordPress don sana'a ma ina roƙonsa ya ba HTML da CSS ko da wata guda tukuna. Ranar da mai shafi zai ce a matsar da tambarinsa kaɗan, ko a gyara yadda jerin ke fita a waya, kuma babu maɓallin yin hakan, layi uku na CSS ne za su fitar da kai.

Idan waya kaɗai gare ka

Ana iya farawa. Acode da Spck Editor suna aiki a Android, suna rina kod, suna nuna maka shafin a take. Rubuta alamomi a madannan waya yana da gajiyarwa, amma ƙaramin kibod na Bluetooth ko mai igiya da ake jonawa ta OTG yana sauƙaƙa abin sosai. HTML da CSS na farko duk za su koyu a haka, tare da darussan freeCodeCamp ko MDN. Ranar da ka samu aron kwamfutar da ba a yarda ka girka komai a kanta ba, vscode.dev tana buɗe VS Code a cikin burauza.

Shafin da ka rubuta da hannu ba sai ka biya masauki ba kafin duniya ta gan shi. GitHub Pages da Netlify suna ɗaukar shafukan HTML da CSS da JavaScript kyauta, a Netlify ma foldar kawai za ka ja ka ajiye a shafinsu su ba ka adireshi. WordPress ba ta hawa a kansu, domin tana buƙatar PHP da rumbun bayanai na MySQL. Idan lokacin sayen adireshi ya yi, .ng da .com.ng ana yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da hukumar NiRA ta amince da su, kuma da naira ake biya. Idan wa wani kake ginawa, ka yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ka miƙa masa kalmar sirri a rubuce, ka kuma sa masa ranar sabuntawa a kalandar wayarsa, domin adireshin da wa'adinsa ya ƙare wani yana iya saye shi.